Itacen da Mamanku Ta Ɗaura wa Ƙyalle

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Ni ne Maitama ɗan Abdulhamid, mutumin Bukuru, tsohon direban tasi a Washington, mai zaman haya a Silver Spring. Da hannuna nake rubuta wannan, hankalina a jikina, ba wanda ya tsaya a kaina. Na san mutumin da yake salla biyar kuma yake noman itacen Kirsimeti, in ya ce yana da hankali sai an nemi shaidu. To likita ya duba, ya ce kan lafiya lau, hanta ce ta gaji da ni, kuma ba ta da niyyar sulhu.

Zuwa gare ku, Nafisatu, Imrana da auta Surayya. Nafisatu, yau na kira sunanki gatsau, takarda ba ta san kunyar 'yar fari ba. Ke za ki karanta wa Surayya a hankali, don Hausarta ta kunne ce, ni kuma bokona a aji huɗu ya tsaya ya ƙi gaba. Inda kuka ga harafi ya kwanta, ku tashe shi.

Magana ɗaya ce ta sa na ɗauki biro, maganar itacen Mamanku Furera da ya sa ku biyu manya kuka daina gaisawa. Amma bari in fara da masu sauƙi, kamar yadda na saba.

Na ɗaya. Kada a ɗauki gawata zuwa gida. Na sha jirgi da raina, ban ji daɗinsa ba. A sa ni a maƙabartar da Mamanku take, kusa da ita in da wuri. In babu, ko daga nesa ne za ta san na iso, don ba ta taɓa rasa jin tarina ba. Rabon gado ba aikina ba ne, Allah ya riga ya raba, liman zai zaunar da ku ya faɗa muku. Abin da za a raba ɗin ma ba zai hana shi zuwa la'asar a kan lokaci ba.

Na biyu. Gonar nan ta bayan garin Damascus na nan Amurka rabi tawa ce, rabi ta Baba Davou. Kun taso kun gan shi a gidanmu, amma ba ku san farkon abin ba. Layinmu ɗaya da shi a Bukuru, shi yana zuwa coci, ni ina zuwa makarantar allo, da yamma mu haɗu mu saci mangwaron mutum ɗaya. Muka rabu shekaru, sai ga shi a layin tasi na filin jirgin Washington, ya yi tumbi, yana cin gyaɗa. Shi ya kawo shawarar gonar. Na ce masa ni Musulmi ne. Ya ce ai itacen ma bai taɓa shiga coci ba sai an sare shi. Mamanku ta yi dariya har ta zauna, ta ce duk noman duniya na rasa wanda zan yi sai wanda ba a ci. Da kuɗin itacen da ba a ci ɗin aka yi karatun nas ɗinki, Nafisatu. In kun ga ba za ku iya riƙe rabona ba, Baba Davou za ku fara yi wa tayi, kuma a gidansa, kuna zaune a ƙasa, ba ta waya ba.

Na uku. Kayan aikina. Farin farantin nan mai tsaguwa a baki na Imrana ne. Daga kayan ɗakin Mamanku na ɗauke shi, ta neme shi wata guda, ni ma ina taya ta nema. Amfaninsa, ka sa shi ƙarƙashin reshe ka bugi reshen da hannu, ka duba abin da ya zubo. In ka ga ɗigo-ɗigo kamar garin barkono suna tafiya, ƙwarin da ke shanye ruwan ganye ne, sun shigo. Gilashin ƙara girma mai igiya na Nafisatu ne, idonta ya fi na kowa rashin tausayi, kuma a gona wannan alheri ne. Littafin hotunan ƙwari da Debbie malamar gona ta ba ni yana cikin mota. Ban taɓa karanta Turancinsa ba, hotunan nake bi kamar mai neman ɓarawo a ofishin 'yan sanda. Saƙon da ofishinsu ke turowa ta imel, mai faɗin wane ƙwaro ne ya ƙyanƙyashe a wannan makon, na sa a mayar da shi wayar Surayya, tunda dama ita ke fassara mini.

Ku riƙa zaga layukan da ƙafa, ba daga cikin mota ba. Ku juya ganye ku duba ƙarƙashinsa, don ɓarna ba ta zama a inda ake gani. Tsutsa mai jaka, wadda ke rataye kamar laya, da hannu ake tsinke ta lokacin sanyi. Kada ku ga ƙwaro ɗaya ku ɗauko feshi. Akwai masu cin 'yan uwansu, su ne ma'aikatanmu da ba ma biya, feshi kuwa ba ya tambayar suna. Ku kira Debbie kafin ku sayi kowane magani. Kuma kowane itace a sa shi a injin girgiza, a duba ƙwan ƙoƙi-ƙoƙi kafin ya hau motar mai saye. Wata shekara wata tsohuwa a Annandale ta kai namu falonta, ɗumin gida ya sa ƙwan ya fashe, ta wayi gari da jama'a a labule. Ta kira ni tana kuka. Na ce mata ba mu caje ta kuɗin baƙin ba. Baba Davou ne ya ƙwace wayar.

Na huɗu. Yanzu na iso inda nake ta kewaye.

Kun san dogon itacen da ke kan tudu, wanda ya fi rumfar kayan aiki tsawo. Kun san akwai ƙyallen ɗankwalin Mamanku a jikinsa. Imrana, kai ka ɗauka ta ɗaura ne don kada a taɓa shi. Kana ƙarami lokacin, kuma ban taɓa zaunar da kai na ba ka labarin ba.

A sana'ar nan, tun kafin sanyi ya kankama masu saye kan zo su zaga, wanda ya ga itacen da ya yi masa sai ya ɗaura masa alama. Ma'anarta an kama wannan, za a dawo a sare. Shekarar da za ta rasu, Mamanku ta biyo ni gona, abin da ba ta saba ba. Ta zaga tana tsokanata, har ta tsaya a gaban wannan, lokacin bai fi ni tsawo ba sosai. Ta yage gefen ɗankwalinta ta ɗaura masa, ta ce: "Wannan na Pauline ne. Ko Bature ya zo da kuɗi a buhu, kada ka sayar." Kowace Salla Mama Pauline, matar Baba Davou, takan zo ta taya ta tuyar nama tun safe, Mamanku kuma tana so ta rama da abin da ya fito daga hannunta.

Ba ta kai Disamba ba. Kun san sauran. Mama Pauline ce ta zauna da ita a asibiti ranakun da nake kan titi da tasi. Bayan an yi bakwai na je na faɗa mata saƙon. Ta ce ba za ta iya rataya wa itacen nan fitilu ba, a bar shi tukuna. Tukunan nan ce har yau.

Itace daga sama yake ƙaruwa, abin da aka ɗaura masa a jiki ba ya hawa. Ƙyallen yana nan inda hannunta ya sa shi, daidai kafaɗarta. Rassa sun rufe shi, sai ka cusa hannu. Duk zuwana gona nakan cusa. Mutane suna da hoto a bango, ni tsayinta nake da shi a kan tudu.

To itacen ya kamu. Akwai wani ƙwaro mai ɓawo da ke lafewa ƙarƙashin ganye yana tsotso, sunansa na Turanci ya fi shi tsawo, ni kaskar itace nake ce masa. Debbie ta duba ta ce ya cika shi tun daga ƙasa har inda feshinmu ba ya kaiwa. Ta ce muddin yana tsaye, duk lokacin da ɗumi ya shigo 'ya'yan za su fito, iska ta kwashe su ta zuba a kan ƙananan da ke gangare. Ƙananan nan na Baba Davou ne. Su ya dasa da kuɗin da ya tara na barin tasi, su yake jira su kai sayarwa ya huta. Gwiwarsa ta riga ta ƙare, ba shi da wasu shekarun da zai sake dasawa ya jira.

Bai taɓa ce mini uffan ba. Ashe ma ya roƙi Debbie ta daina tayar mini da maganar. Sai da kaka, ranar da Imrana ya kai ni gona bayan na fito daga asibiti, na ga giɓi a layukansa kamar bakin tsoho, ga toka a bayan rumfa. Yana tumɓuke nasa da suka kamu yana ƙonawa ranakun da ba na nan. Na tambaye shi, ya ce barewa ce. Barewar da ke kunna wuta ban taɓa gani ba, ko a Amurka.

Na ɗauki zarto na hau tudun sau biyu. Na farko na ce zarton ba kaifi. Na biyu na kai da kaifinsa, sai na tsaya na cusa hannu na taɓa ƙyallen, na sauko na ce wa Davou bayana ne ke ciwo. Yanzu ko da na so, ƙarfin ya tafi. Don haka na bar muku aiki mai wuya, kamar yadda na riƙa bar wa Mamanku.

Ga umarnina. A sare shi cikin sanyin nan, kafin watan Mayu, ko ina raye ko ba na raye. Kada ku jira arba'in, ƙwaro bai san zaman makoki ba. Imrana, kai za ka riƙe zarto. Nafisatu ta riƙe igiya ta ja shi ya faɗi ta bayan tudu, ba ta kan ƙananan ba. Kada ku bar Baba Davou ya sa hannu, ya ɗauki abin da ya isa. A ƙone shi a wurin, ko reshe ɗaya kada a kai gida don tunawa.

Na biyar. Bashi ɗaya nake da shi, kuma ba na kuɗi ba ne. Mamanku ta yi wa Mama Pauline alkawarin itace, ni aka ba saƙo, ban isar ba. Wancan ya wuce shiga falo. Kowace shekara, muddin gonar tana hannunku, ku zaɓi wanda ya fi kowanne kyau a rabona ku kai mata har gida. In ta ce a'a, ku ce Furera ce ta aiko. Ku girgiza shi sosai tukuna.

Na shida. Nafisatu da Imrana. Ranar ƙaramar Salla, a kan tabarmata, ke kika ce a sare, kai ka ce ta saba ganin mutuwa a asibiti shi ya sa zuciyarta ta bushe. Tun ranar kuke aiko wa juna saƙo ta bakin Surayya kamar ƙasashe biyu. Imrana, yayarka ce ta wanke Mamanku tare da matan masallaci, tana budurwa, ta fito ta dafa muku abinci. Ba bushewa ba ce, ba ta sami wanda zai riƙe mata ba ne ta yi kukanta. Ka je ka ba ta haƙuri, ba sai na mutu ba. Ke kuma Nafisatu, gaskiya kika faɗa, amma kin faɗe ta kamar mai karanta sakamakon gwajin jini. Ƙaninki ba itace yake karewa ba. Ni na koya masa cusa hannu cikin rassan nan.

Zarto da igiya ba sa aiki sai masu riƙe da su suna magana, in ba haka ba itacen a kan ɗayanku zai faɗo. Da gangan na raba muku haka. Aji huɗu ma ba wasa ba ne.

Surayya, auta. Ban ba ki faranti ko gilashi ba, ƙyallen ne naki. Ki kwance shi da hannunki kafin a sa zarto, ki wanke da ruwan zafi, ki ajiye. Kin sha tambayata ko kin kai tsayin Mama, ina ce miki ban sani ba. Kafin ki kwance, ki shiga cikin rassan ki jingina kafaɗarki. Na riga na auna da ido ranar da kika raka ni, shi ya sa kika ga na koma mota da wuri na ce sanyi nake ji. Kin wuce ta da ɗan yatsa biyu.

Allah ya yi muku albarka, ya ba ku masu yi muku abin da kuka yi mini. Ya sa ku fi ni ilimi, wannan ba wuya, ya sa ku kai Mamanku zuciya. Na yafe muku duka, ku ma ku yafe mini, har da barkwancin da bai ba da dariya ba. Ku riƙe salla, ku riƙe gidan Baba Davou kamar gidan kawunku, ku riƙe juna. Ranar da za ku hau tudun, ku tafi a mota ɗaya, ku dawo a mota ɗaya.

Mahaifinku,
Maitama Abdulhamid