Hausar Innarki a Bakin Ɓarayin Wasa

Zuwa ga Surayya, sanyin idona, ruwan farkon damina bisa ƙasar da ta gaji da jira, furen wake mai buɗewa tun rana ba ta yi zafi ba.

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya ke da Inna, ina neman ahuwa bisa ɗawainiyar karatun da zan ɗora miki. Na san ba ki rasa abin yi ba, amma al'amarin ya fi ƙarfin saƙon waya, kuma lokaci ya ƙure mini.

Kin tuna motar Gummi zuwa Bukkuyum, ranar kasuwa, da kike kallon wasan kwaikwayon nan na ɓarayin daji a wayarki, kina danne dariya da gefen mayafi? Kika lura ina leƙe, kika karkato wayar ba tare da kin dube ni ba. Wallahi tun daga karkatowar nan zuciyata ba ta sake zama daidai ba! Don in riƙa ganin sunanki kullum na saka ki a zauren waya na masu kallon wasan, wanda ni ke shugabantarsa.

Sai ga saƙonki na murya a zauren, ranar Talata. Kin ce wasan yana burge ki, amma kina tambaya: me ya sa duk ɓarawon da ke cikinsa ake sa masa irin Hausar Innarki, mai karin Fillanci, alhali ita ma ɓarayin sun kore mata shanu kakaf? Na saurara, na koma na saurara. Ni da ba fitowar da ta taɓa wuce ni, kunnena bai kama wannan ba. Yaya aka yi kika ji abin da ban ji ba, muna kallon abu ɗaya?

Nan take zauren ya hargitse. Wasu suka ce wasa ne kawai, a bar mutane su sha iska. Wasu suka ce a ƙaurace masa ɗungum, duk mai ci gaba da kallo abokin zalunci ne. Mujahid na Zugu, wanda aka kashe wansa a gona, ya ce wasan nan kaɗai ya faɗi abin da ya same su, don haka mai sukarsa ɗan koren ɓarayi ne. Na kasa jin haushinsa. Yanzu mafi rinjaye sun ce in cire ki kafin fitowar Juma'a, ko su fice su bar mini kango.

Ba zan cire ki ba. Yatsan da zai taɓa sunanki da wannan niyya, gara ya bushe kamar karan dawa! Sai dai Mujahid ya cancanci amsa, ni kuwa ilimina na ƙasidun aikin gona ne: sun koya mini tazarar shuka da awon maganin feshi, ba su koya mini yadda mutum zai so abu kuma ya tuhume shi ba. Ke kin iya. An ce har yanzu kina zuwa shagon caji a tura miki sabuwar fitowa. Me kike nema a ciki, ya balbelar fadamata? Dariyar ce ta rinjayi ciwon? Ko kuwa kamar mai gona kike, da ba ya barin gonarsa don ƙuduji mai kashe shuka ya fito? Haka za ki so ni, kina ganin aibina, kina faɗa mini, ba ki tashi kin tafi ba? In haka ne, wane namiji ya kai ni gata tsakanin Anka da Gummi?

Shirunki tun Talata ya hana ni sukuni. Ki sani, ko zauren ya tsaya ko ya watse, ni naki ne har a mayar da ni ƙasa.

Ga roƙona, ina jiran amsa a rubuce ta hannun Sanda mai babur, wanda ke biyowa ta shagona ranar Alhamis:

1. Ki rubuto abin da za a faɗa wa Mujahid, wanda ba zai taka kabarin wansa ba, ba zai kuma taka harshen Inna ba.
2. Ki yarda in saka shi a zauren da sunana kusa da naki, kowa ya san inda na tsaya.
3. Tunda za su tambayi dalilin haɗa sunayen, ki faɗa mini ranar da magabatana za su je gaida kawunki.

Naki, mai riƙon amana,
Dalhatu Maikuɗi, Anka.