Kunnen Kurmi a Jikin Itacenmu

Litinin, 5 ga Agusta

Maigidana, Baban Batul, ya dawo da a-kori-kura maƙil da itace, manyan gumagumai irin waɗanda unguwarmu ta Ƙofar Kuyambana ta daɗe ba ta gani ba. Ina jera faskare a zaure na ga wani abu manne a ɓawon, fale-fale kamar busasshen ganye, launin toka. Ruwan buta ya zuba masa, nan take ya koma kore shar. Ni da bin ƙwaƙƙwafi, na ɓamɓaro ɗaya.

Laraba, 7 ga Agusta

Na nuna wa Iya, surukata. Ta juya shi, ta shinshina.

"Kunnen kurmi ne. Ina kika samo shi?"

Na ce a itacen ɗanta. Ta ce ita a bakin rafin ƙauyensu kaɗai ta san shi, jikin tsofaffin itatuwa inda rana ba ta sauka. Ƙauyen da 'yan bindiga suka tashe su ke nan. Ba ta ci tuwo ba yau.

Alhamis, 8 ga Agusta

Baban Batul kuwa ce mini yake a gonakin bayan ganuwa yake saye.

Lahadi, 11 ga Agusta

Ƙanwata Raihana ta zo, mai karatun tsirrai a jami'a. Da na nuna mata kunnen kurmin, baki har kunne. Ta duba ƙarƙashinsa, gashi-gashi ruwan ƙasa da ɗigon fari, ta ɗauki hoto. Wai ba gansakuka ba ce, halitta biyu ce ke zaman tare, ɗaya na ciyarwa, ɗaya na ba da mafaka. Wai malaminsu ya yi shekaru yana nema.

"Yaya, wannan ba ya rayuwa inda hayaƙi ke kaiwa, sai ƙungurmin daji mai laima. Wa ke iya shiga can yanzu?"

Ta yi dariya.  Na sa ta goge hoton, ta tafi tana fushi.

Talata, 13 ga Agusta

Da hantsi na ɗaga tamfol ɗin motar Baban Batul kafin ya fita. Jarkokin fetur, burodi, katan ɗin sigari. Mutumin da ko warin taba ba ya so.

Tsoro nake ji. Gara in rubuta, tun da babu wanda zan gaya wa.

Alhamis, 15 ga Agusta

Na ajiye masa kunnen kurmin kusa da kwanon abinci. Ya daɗe yana kallo.

"Radiya, 'yan bindiga ne suka tare ni tun bara. Sun san gidan nan, sun san makarantar Batul. In na daina zuwa, su za su zo."

Na ce to mu kai ƙara. Ya ce wa zai yarda ba da son ransa ba ne? Infoma za a ce, kuma na san abin da unguwa ke yi wa infoma. Na sani ɗin.

Na tsane shi, na kuma tausaya masa. Gaba kura, baya sayaki.

Asabar, 17 ga Agusta

Malam Sadiƙu mai gidan burodi ya aiko, zai zo ɗibar itace ranar Litinin. Ɗan ƙauyensu Iya ne, a bakin rafin nan ya yi wayo. Ƙaninsa yana hannun mutanen dajin tun kafin Sallah. Kallo ɗaya zai yi wa ɓawon ya gane.

Lahadi, 18 ga Agusta

Iya ta miƙo mini tsohuwar wuƙarta. Na ce me zan yi da ita? Ta shige ɗaki.

Litinin, 19 ga Agusta

Na kankare itacen tas, gungume bayan gungume, na zuba ɓawon a murhu. Ai dama ya fi saurin kama wuta haka, ba don komai ba.

Malam Sadiƙu ya zo, ya yaba tsabtar itacen. Na ce masa Allah Ya bayyana ƙaninsa, Ya tona asirin masu hannu a ciki. Ya ce amin, idonsa ya kawo ruwa.

Muryata ko rawa ba ta yi ba.