A Dakatar da Rushe Unguwar Sinawa

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Lajnar Rabon Filaye ta garinmu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa da girmamawa irin wadda ta dace da kujerarka, ina yi maka barka da dawowa gida, kamar yadda dukanmu muka dawo bayan gudun hijirar yaƙin nan. Sunana Ramatu Bube, tsohuwar ma'aikaciyar masaƙa, mazauniyar Unguwar Sinawa, wadda mutanen gari ke kira Hillat Sin. Na yi ta zarya ofishinka ban samu ganinka ba, shi ya sa na fito da maganar fili.

Na farko, ina so ka san unguwar da aka sa wa jan fenti na alamar rushewa. Mahaifina Malam Bube ɗan wata hilla ne, wato ƙauyen Hausawa, kusa da garin Sinja, yana zuwa tsinkar auduga a gonakin Jazira. Da Sinawa suka zo gina masaƙa, suka yi wa kansu layukan gidaje na jan bulo a bakin babbar tur'a, wato magudanar ruwan noma, da ƙofa zagayayya kamar faifai. Suka nemi leburori, Hausawa suka amsa, mahaifina na cikinsu, muka tare a bukkoki bayan katangarsu. A nan na yi wayo. Na ga suna cin abinci da tsinke, na ga jajayen fitilun da suke ratayawa ranar bikinsu, suna raba mana alewa. Likitansu ne ya warkar da ciwon bayan mahaifiyata da siraran allurai. Da na girma, wata mai suna Madam Lin ta koya mini ɗaurin zare a inji. Ba ta jin Hausa, ba ta jin Larabci, in na yi kuskure sai ta ɗan bugi bayan hannuna ta yi dariya. Da Sinawan suka tashi komawa ƙasarsu aka bar wa ma'aikata gidajen. Ɗakin cin abincinsu shi ne masallacinmu har yau.

Na biyu, akwai kabari a bayan unguwar, ƙarƙashin itacen dogon yaro. Na Usta Wan ne, mai gyaran injuna. Wata damina tur'a ta cika maƙil, ƙanena Sani ya zame ya faɗa ciki a gaban idona. Usta Wan yana dawowa daga aiki, ko takalmi bai cire ba ya faɗa ruwan. Ya turo Sani bakin gaɓa muka kama shi, shi kuwa ruwa ya ja shi ƙarƙashin gada. Sai washegari aka tsamo gawarsa. 'Yan'uwansa suka binne shi, suka kafa dutse mai rubutunsu. Mun san ba Musulmi ba ne, hukuncinsa yana wurin Allah. Amma mahaifina ya share kabarin nan har ƙarfinsa ya ƙare, daga nan Sani ya karɓi tsintsiyar. Yau Sani yana da jikoki.

Na uku, ga abin da aka yi mana. Mun dawo daga gudun hijira mun tarar an ɓalle ƙofofi, an kwashe kwanon rufi. Ba mu kai kuka wurin kowa ba, muka shiga gyara da hannunmu. Muna cikin haka wasu mutane suka zo suka shafa wa bangayenmu jan fenti, suka ce lajnarka, wato kwamitin da kake shugabanta, ta ba da wurin a yi tashar manyan motoci. Ba a kira dattawanmu ba, ba a gaya mana inda za mu koma ba. Makon jiya kuma sai ga katafila. Ta ture zagayayyar ƙofar nan, ta bi ta kan shingen kabarin, dutsen ya rabe biyu. Sani ya fito da sandarsa ya tsaya a gabanta yana roƙo. Ɗaya daga cikin masu rakiyar direban ya hankaɗe shi, ya faɗi a kan bulo. Tun ranar yana kwance, gefensa na hagu ba ya motsi, magana ma da ƙyar take fita. Mutumin da ya ture shi ya faɗa a gaban jama'a cewa kabarin kafiri ne, mu kuma baƙi ne, ba mu da bakin magana a kan ƙasa.

Ranka ya daɗe, wannan kalma ta hana ni barci. A ƙasar nan aka haifi mahaifina, a nan aka binne shi. Ƙurar audugar masaƙar garin nan ce ta bar ni da tarin da nake fama da shi. In mu baƙi ne, ban san ina ne gidanmu ba. Jikokina Larabci suka fi ji, in na ce su koma ƙasar kakanninsu ba su ma san ta wace hanya ake bi ba.

Saboda haka ina roƙonka waɗannan abubuwa. A dakatar da rushewar nan. Ka taka da ƙafarka ka zo ka ga unguwar, ka zauna da dattawanmu a masallaci. In tashar ta zama dole, ga fili fetal bayan layin dogo, babu gidan kowa a kai. A mayar da shingen kabarin, a bar mu mu haɗa dutsen. Wanda ya ture ƙanena kuma a binciko shi, ya zo ya dubi halin da ya jefa shi.

Ba barazana nake yi ba, tsohuwa ce ni, ba ni da ƙarfin faɗa da hukuma. Amma Sani ba ya ɗaguwa daga gado, ni kuma ba zan fita in bar shi ba. In katafila ta dawo, a cikin ɗakin za ta same mu.

Allah ya ba ka ikon yin adalci, ya kare ka da iyalinka, ya sa wannan kujera ta zame maka hujja ranar da za a tambaye ka a kanta. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya.

Wassalam.

Taka mai biyayya,
Ramatu Bube,
Unguwar Sinawa.