Na Jira Jirgin Ya Wuce

Zuwa ga Yayana Seiken,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka masu gadin teku. Mu a nan Okinawa kowa ƙalau, sai gwiwar Kaka.

Rabin sojojin Amurka da ke sansanin bayan makarantarmu sun tashi zuwa tsibirin Guam, da yawancin jiragensu. Kaka sai murna, wai za a buɗe mana hanyar kabarin kakanninmu da shinge ya raba mu da shi. Baba kuwa ya ce, "Tsohuwa, yi murnarki a hankali. Duk wanda ya ga masu gadi sun ragu sai ya taɓa ƙofa ya ji." Ta ce, "Rufe mini baki, matsoraci, kafin a haife ka nake tsibirin nan." Amma da Inna ta ce an soke hutunka saboda baƙin jiragen ruwa sun yawaita a kudu, nan take gardamar ta ƙare.

Yaya, zan faɗa maka sirri. Shekara uku ke nan, in malami ya tambaye ni a aji, sai in ja lokaci har jirgin yaƙi ya taso, in ba da amsa cikin ƙararsa. Ana ganin bakina na motsi, ba a jin komai, sai a wuce ni. Yanzu da jiragen suka ragu, aji ya yi tsit. Malam Tamanaha ya ce, "Sumire, rumfarki ta tashi zuwa Guam." Ashe ya sani! Ya kuma zaɓe ni in yi jawabi gaban iyaye ranar Asabar, kan abin da ragin sojojin zai jawo mana. Na karanta duk jaridun laburare. Na san abin da zan ce. Muryar ce ban sani ba ko tana nan.

Ƙanwarka,
Sumire

Zuwa ga Yayana Seiken,

Bayan gaisuwa, yaya sanyin teku? Ina fatan kana cin abinci sosai.

Na yi jawabin. Da na hau dandamali ƙawata Kanna ta raɗa mini, "Bebiya, yau babu jirgin ceto." Na ɗaga taswira, na nuna mashigin ruwan da kuke sintiri. Na ce nauyin tsaro bai bi sojojin ya tafi ba, sauka ya yi a kafaɗar wasu. Ƙasashe maƙwabta za su gwada mu, ƙawayen ƙasarmu za su zuba ido su ga ko za mu iya, kuma jiragenmu ne za su ƙara kwana a ruwa. Na ce ɗaya daga masu wannan kafaɗa yayana ne, kuma ban ji tsoro ba, don na san shi.

Ina tsakiyar magana sai ga ɗaya daga jiragen da suka rage, har tagogi na rawa. 'Yan ajinmu suka fara dariya, sun ɗauka na samu mafaka. Yaya, rufe bakina na yi. Na jira ya wuce, sannan na maimaita jimlar daga farko, har Kaka da ke layin baya ta ce, "Na ji, 'yar nan, ba kurma ba ce ni!"

Baba kuwa ya karɓi taswirar ya manna a ɗakinsa.

Ka kula da kanka. In an ba ka hutu, zan maimaita maka jawabin tun daga bakin ƙofa.

Ƙanwarka mai kewarka,
Sumire