Karona da Sunusi na Augie

Litinin, 4 ga Nuwamba, 2024

Maigandi, shugaban ƙungiyarmu ta 'yan kokawa, ya iske ni a injin shinkafa ina sauke buhuna. Wai a kokawar Argungu ta bana za su sa mini babbar riga, su ba ni kujerar alƙali. "Shekara sha tara ba a kada ka ba, Labbo. Sauka da mutuncinka." Na ce ya kai wa kakansa kujerar. Shekarata arba'in da ɗaya, ba tamanin ba.

Alhamis, 7 ga Nuwamba

Injiniyan da ke gyara mana inji Ba'indiye ne, kuma ashe ya yi kokawa a garinsu yana saurayi. Ya nuna mini hoton wani gwarzonsu na da a waya: gashin baki kamar ƙahon sa, ƙaton kulki a kafaɗa. Wai shekara hamsin bayansa bai taɓa ƙasa ba, kuma kullum sai ya tsuguna ya miƙe sau dubbai kafin ya karya kumallo. Shi ya yi hamsin, ni za a sauke ni a sha tara?

Talata, 12 ga Nuwamba

Tsuguno ɗari huɗu a bakin gonata a Zauro. Gwiwar hagu ta kumbura. Matata Asiya ta kawo man zafi ta ce, "Baban Mansura, da ƙafar ga kake ciyar da mu fa."

Asabar, 16 ga Nuwamba

A kasuwa ana cewa shekara uku ina gudun Sunusi na Augie. Ƙarya! Bara ciwon ciki na yi. Bara waccan rasuwa aka yi mana. Ta farkon kuwa... na manta dalilin.

Na je unguwar Badariya gidan Maigandi, na ce a haɗa ni da Sunusi. Ya dubi gwiwata, na dube shi. Ya rubuta.

Laraba, 20 ga Nuwamba

Na tambayi Injiniya yadda mutuminsu ya ƙare. Ya ce ya yi ta kiran mai ja da shi har ya tsufa, ba wanda ya fito, sai jinya ce ta kwantar da shi. Na ce, "Shi bai taɓa kauce wa kowa ba?" Ya ce bai taɓa ji ba. Na koma kan buhunana. Ban san abin da ya sa na tambaya ba.

Asabar, 23 ga Nuwamba, Argungu

Fage ya cika. Makaɗa suka ɗauki takena, jikina ya tsuma kamar da. Kowa ya san gwiwata, har masu tallan gyaɗa. Na yi zaton nan Sunusi zai nufa. Ko sau ɗaya bai taɓa ta ba. Ƙugu ya kama, na kama nasa. Sau biyu na ɗaga shi sama har mutane suka miƙe, yana dirowa da ƙafafunsa. A na uku numfashina ya ƙare. Ya juya ni, sai ga ni kwance ina kallon sama.

Maimakon ya zagaya fage, sai Sunusi ya durƙusa yana kama hannuna. "Baba Labbo, ka gafarce ni." Na ce, "Tashi ka yi kirarinka! Ba yaro ka kada ba." Ya tashi ya yi. Da ƙafata na fita, ban yarda kowa ya riƙe ni ba.

Lahadi, 24 ga Nuwamba

Yashin wurin ya cika laushi. Kowa ya gani.

Laraba, 27 ga Nuwamba

Sunusi ya zo gaisuwa da kwandon albasar Augie. Bayan mun gaisa ya tambayi yadda na yi na ɗaga shi har sau biyu. Na ce ba na koya wa abokin karawa, badi ma akwai kokawa.

Ban san yadda aka yi muka tsinci kanmu a tsakar gida ba, Asiya na janye turmi tana faɗa. Yaron yana barin ƙugunsa na dama a buɗe, wata rana wani ɗan Nijar zai kunyata mu da shi. Sau uku na nuna masa. Wannan ba koyarwa ba ce.

Ya ce zai dawo Juma'a. Na ce ya zo da wuri.