Inna Ta Dangwala Yatsa a Kan Maganata

Jushi, Sabon Gari
Laraba, bayan azahar

Baba,

Assalamu alaikum. Na san ba amsa, na kuma san takardar nan ba za ta wuce ƙasan akwatina ba. Shekara uku ke nan da aka kai ka makwancinka, Allah Ya haskaka maka shi. Amma tun ina ƙarama kai nake kai wa ƙarar kaina, yau ma na duba ban ga wani ba.

Labarin gida ba yawa. Shagonka na kafinta a Sabon Gari, mai gyaran rediyo ne a ciki yanzu. Yaya Sani yana Fatakwal, ya sayi wayar salula, sai mu je gindin lemar masu hayar waya a bakin titi mu kira shi. Ni ina nan firamarenmu ta Samaru ina fama da 'yan aji huɗu. Sauran labarin duk na Inna ne.

Ka san ciwon bayan nan nata da take ɗora wa daka da shara. To ya sauka ƙafafu. Tun damina take jan ta hagu, ta ce ji take kamar aro aka ba ta. Daga ɗaki zuwa bakin rijiya sai ta huta sau biyu. Abin da ya fi ci mata rai, wanda ko kana raye ba za ta iya faɗa maka ba, fitsari ya fara kufce mata. Sai ta yi alwala uku kafin ta samu sallah ɗaya.

An ɗauki hoton bayan a asibiti. Likitan ƙashi ya nuna mana gaɓoɓi uku na ƙasan gadon bayanta sun zaizaye, ɗaya ta goce tana danne jijiyar ƙafa. Za su buɗe, su saki jijiyar, su ɗaure gaɓoɓin da ƙarfe da kusoshi har su haɗe su zama ƙashi ɗaya. Da kana nan da ka ce ai sana'arka suka kwaikwaya. Ya ce in ba a yi ba ƙafar tafiya take, kuma wadda ta tafi ba ta cika dawowa ba. Gobe da safe za a ba ta gado, jibi a shiga da ita.

Likitan ba ya jin Hausa sai ta gaisuwa, don haka ni na zauna a tsakaninsu. Ya faɗi haɗarin duka, da zubar jini, da shekarunta, da allurar barcin da wani tsohon ba ya farkawa daga ita. Na gaya mata, ko gezau, ta ce rai na Allah ne. Tambaya ɗaya ta yi: in an gama, goshinta zai riƙa taɓa ƙasa kamar da? Likitan bai ɓoye komai ba. Ya ce watanni za ta yi ba sunkuyo ko kaɗan, bayan nan ma da wuya ta koma ruku'u da sujada yadda ta saba, gara ta sa a ranta sallah a kujera za ta riƙa yi.

Baba, na juya na ce mata likita ya ce za ta yi sujada.

Ta yi hamdala, ta miƙa babban yatsa aka shafa masa tawada, ta dangwala a takardar amincewa. Likitan har yaba mata ya yi, wai da wuya ya ga tsohuwa mai ƙarfin hali haka. Ni kuwa na kasa kallon kowa a cikinsu.

Ka san dalilina. Ka tuna lokacin da gwiwoyinka suka gaza, ka ƙera wa kanka kujerar sallah ta maɗaci? Kullum Inna sai ta tsokane ka, wai Allah Ya ɗauke ta kafin ranar da za ta gaida Shi tana zaune kamar mai jiran mota. Kai kana dariya, amma ni na san har zuciyarta take faɗa. Ta san addini ya yi rangwame, ai ita ta koya mana. Rashin sanin hukunci ba shi ne damuwarta ba. Kuma abin takaicin, yanzu a sujada kaɗai ciwon yake sakinta, likitan ma ya ce haka irinsa yake, sunkuyo yana sassauta jijiyar. Da wane bakin zan ce mata wurin hutun nata za a rufe?

Yaya Sani ya ce in ja bakina in yi shiru. Wai haka ake yi, ba a tayar wa mara lafiya hankali, in ta farka ta ga tana taka ƙafa za ta yafe. Shi da yake nesa, magana ba ta yi masa nauyi. In ta farka ta tarar an ƙulle mata baya a kan ƙaryata fa? In kuma ba ta farka ba, ta tafi ke nan da maganar da na ƙirƙira?

Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba. Kai ma haka na yi maka. Ranar da likitanka ya kira ni gefe ya ce hantar ta gama, na dawo na ce maka ya ce sai a hankali. Ka yarda da ni, don ka sha cewa Jummai ba ta iya ƙarya ba. Shi ya sa kake ta ɗage tafiya Zabi wajen ƙaninka Baffa Idi, kana cewa bari ka ji ƙarfi ka je da ƙafarka ku yafi juna kan rigimar gonar nan. Mako biyar ina jin ka, na san ba ƙarfin da zai zo, na yi gum. Baffa ya zo jana'iza, ya tsaya a bakin ƙofa ya kasa shigowa. Ni na hana ku wannan gaisuwar. Na ce tausayi ne, amma tsoro ne, Baba, kuma har yau yana cina.

Ka ce in riƙe Inna. Ba ka ce in ja ta kamar akuya zuwa inda na ga dama ba. Amma ina tsoro. In na faɗa mata tana iya cewa ta fasa, ka kuwa san in ta ce a'a ko Yaya Sani ya zo da ƙafarsa ba ya tanƙwara ta. Daga nan sai in zauna ina kallon ƙafar tana mutuwa, in san bakina ne ya jawo.

Ɗazu na shiga ɗakin ajiya, na ɗaga buhunan masarar da Inna ta sa aka danne kujerarka da su. Na goge ta, na zauna a kai, ko motsi ba ta yi. Na ajiye ta a tsakar gida tana kallon gabas. Inna ba ta fito ba tukuna.

Ga ladan ya kira la'asar. Ina jin ta tana jan ƙafar zuwa wajen buta. Zan bari ta yi raka'o'inta huɗu, ta sa goshinta a ƙasa sau takwas ba tare da na tsoma baki ba. Tana sallamewa zan durƙusa gabanta in faɗa mata abin da likita ya ce, yadda ya faɗe shi. In ta ce a yi, mu tafi gobe. In ta ce a'a, bayanta ne, ni zan je da kaina in ce a yaga takardar.

Na Zabi ba ya gyaruwa, ka yafe mini. Allah Ya jiƙanka, Ya sa ka huta.

'Yarka da ka ce ba ta iya ƙarya ba,
Jummai