Dattijon Tehran da Madugan Zango

Zango, Damagaram

Zuwa ga ɗana Alkasum, a Tehran.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Safiyanu mai shago ke riƙe da alƙalami, amma maganar tawa ce.

Ka ce bana ma ba ka zuwa, wai dattijon da kake yi wa tafinta zai sake tsayawa zaɓe. Tun ina da haƙora nake jin sunansa a rediyo. Ya sha kurkuku, ya yi dafite a majalisa, ya yi minista, har yau bai ƙoshi ba. Ni kuwa ƙafa ta fara ƙi. Sunayen madugan Zango, da gidan kowa, da rijiyoyin da suka sha a hanyar fatauci ta Sahara zuwa Gat, duk suna bakina ni kaɗai. Ka zo ka karɓa.

Allah ya yi maka albarka.
Ubanka, Nomau

Baba,

Ina gaishe ka da girmamawa, ina gaida Inna. Baba, mutumin nan shi ya gina rabin abin da ake taƙama da shi a nan, kuma ya riƙe ni kamar ɗa. Ba zan bar shi ana tsakiyar kokawa ba. Ka faɗi sunayen a talho, wato wayar hannu, Safiyanu ya ɗauki muryarka ya turo mini.

Ka huta lafiya.
Alkasum

Alkasum,

Na amsa gaisuwa. Safiyanu ya kawo mini talhon har bakina, na ce ya je ya ɗauki kukan akuyarsa. Ba a faɗin madugai a zaune. Takawa ake yi ƙofa ƙofa, ka dafa bangon gidan kowane madugu, in faɗa, ka maimaita. Haka ubana ya ba ni, da ranƙwashi. Maigidanka yana da masu rubuta masa tarihi cike da ɗaki. Madugu Modu wa yake da shi?

Wassalam.
Nomau

Baba,

Gaisuwa mai yawa. An hana dattijon tsayawa zaɓe. Waɗanda suka sa hannu yaransa ne, shi ya kawo su majalisa. An cire hotonsa daga zauren majalisar, jaridu sun daina ambatonsa, masu rubuta tarihin sun koma gidan wani. Jiya na iske shi yana ba mai gadi labarin kurkuku, mai gadin yana latsa talho. Na tuna da kai. Ina tafe bayan salla.

Ka yafe mini.
Alkasum

Alkasum,

Na yafe. Ka gaida dattijon, ka ce wani tsoho a Damagaram bai manta sunansa ba.

Ba sai ka yi gaggawa ba. Ran Juma'a na ɗauki sanda na fita zagayen ni kaɗai. Na dafa bangon Madugu Modu, na faɗe shi daidai. Na matsa ƙofa ta gaba, na dafa, sunan ya ƙi zuwa, na tsaya har mai gidan ya fito ya tambaye ni wa nake nema.

Ban sani ba.

Allah ya kawo ka lafiya.
Ubanka, Nomau